Ƙasar Kura: Daga Karofi zuwa Ruwan Tiga

Wanda ya taso daga Kano ya nufi Zariya a tsakiyar rani, da ya haye gadar Tamburawa ya ɗan taɓa tafiya zai ga ƙasa ta sauya. A bayansa ya baro gonaki fetal, ba komai sai tushiyar kara da awaki na yawo. A gabansa kuwa kore ne shar iya ganin ido: shinkafa, tumatir, albasa, masara, nan da can alkama tana kaɗawa. Wannan ita ce ƙasar Kura, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Kano. Idan na ce ƙasar Kura, ina nufin har da Garun Malam da Bunkure, domin ko da yake yanzu kowace ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, ruwa ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, kuma auratayya ta ɗaure su tun kafin a zana taswira.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, tana gangarawa a hankali daga kudu zuwa arewa, kusa da koguna biyu. Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan da ke kudancin jihar, can wajen Riruwai, ya ratso dajin Falgore ya miƙe arewa. Kogin Challawa kuma yana zuwa daga yamma. Inda suka haɗu ne ake samun kogin da ya bi ta Wudil da Ringim ya isa Haɗejiya, daga nan ya bazu a fadamun Nguru da Gashuwa, abin da ya rage ya lallaɓa zuwa tafkin Chadi. Ruwan sama yana sauka ne wata huɗu zuwa biyar, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoba. Sauran watannin, kafin a yi dam, kogunan yashi ne zalla, sai an tona a sami na sha.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa arzikin Kura da dam ya fara. Ba haka ba ne. Shekaru aru-aru kafin wani injiniya ya auna ƙasar, sunan garin ya riga ya tsallake Sahara, kuma shuni ne ya kai shi.

Manomin Kura na wancan zamani gero da dawa yake fara shukawa, da wake a tsakani, domin rumbu shi ne gaba da komai. Amma yana ware wuri ya sa auduga, ya ware wani ya sa baba. Mata su gurje auduga su yi kaɗi, masaƙa su saƙa zaren siri-siri, ƙyallen da faɗinsa bai kai tafin hannu ba, maɗinka su harhaɗa, sannan a kai marina. A marinar akwai karofi, rami mai zurfi da aka shafe cikinsa da laso don kada ya tsotse ruwa. A zuba ruwa da toka da baba, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya har kumfa ta taso. Marini yana tsoma ƙyalle ya ɗago, ya bar iska ta buge shi, ya sake tsomawa, haka har sai launin ya wuce shuɗi ya doshi baƙi.

Rini kam ana yi a garuruwa da dama na ƙasar Kano. Inda Kura ta yi zarra shi ne bugu. Mabuga suna zama a jere a cikin rumfa, gungumen itace a gabansu, kowa da guduma ta katako mai nauyi a hannu. Ana shimfiɗa rinannen ƙyallen, a barbaɗa masa garin shuni, a ɗan shafa kitse, a ninke, a yi ta duka bi da bi, wannan na ɗagawa wancan na saukewa, ba wanda gudumarsa ke karo da ta ɗan'uwansa. A buɗe, a ƙara shuni, a sake ninkewa, a ci gaba. In an gama, ƙyallen yana walƙiya kamar bayan ƙwaro, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya bar masa shaida a yatsa. Wannan shi ne rawani ɗan Kura da sarakuna ke naɗawa ranar hawa, shi ne turkuɗin da matan Sahara ke yafawa, shi ne kuma abin da Abzinawa ke kira alasho, wanda namiji ba ya jin ya cika mutum ranar biki sai da shi a kansa. Shunin da ke zuba a fatarsu ba aibi ba ne a wurinsu, ado ne. Ayarin raƙuma kan sauko daga Abzin da gishiri da dabino, ya koma da hatsi da wannan tufa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300. Sarauta ma ta san inda kuɗi yake: ban da kuɗin ƙasa, akwai kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin rafi a kan masu lambu.

Wato tun asali mutumin Kura ya saba da abu biyu a lokaci guda: noma don ciki, da sana'a don kasuwar da bai taɓa gani da idonsa ba. Wannan ɗabi'a ce za ta bayyana kusan duk abin da ya biyo baya.

Turawa sun shigo ta wannan kusurwa. Rundunar da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Kura, a farkon Fabrairun 1903, bayan kwana biyu ta shiga Kano alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Su Turawan, auduga suka so a noma musu don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, audugar kuma masaƙan gida suka ci gaba da saye da tsadar da ta fi ta kamfani. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, yunwar Kakalaba ta 1914 ta yi ɓarna, atamfa da farin yadi na waje suka cika kasuwa, daga baya shunin kanti ya shigo ya rage wa baba daraja. Masaƙa da yawa sun ajiye aiki a wannan zamani. Marinar Kura ta fi sauran daɗewa a tsaye, saboda Buzu mai sayen alasho ya san na gaske da hannu da hanci, ba a yi masa ƙwange.

Duk da haka rani lokacin zaman banza ne ga mafi yawan mutane. In an kai amfani gida, an yi bukukuwan aure, samari sun yi kokawa da dambe a dandali, sai gari ya fara raguwa. Wasu su tafi cin rani birni, wasu su bi malaminsu gabas da allo, wasu su yi fatauci da jaki. Noman rani akwai shi, amma ɗan kaɗan ne, a bakin fadama, inda mutum zai kafa jigo ya yini yana ɗaga guga yana juyewa a ƴan fangulan albasa da alkama. Ita alkamar nan, a lura, ba baƙuwa ba ce a Kano. Da ita ake alkaki da gurasa da taliya tun zamanin da Larabawa suka zauna a birni. Abinci ne dai na masu hali.

Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka ba Kwamishinan Ƴan Sanda Audu Baƙo mulkinta. Mutum ne mai son noma da son ruwa, kuma ya tarar da binciken da masana daga Amurka suka riga suka yi a kan kogunan yankin. Ya fara da ƙaramin dam na Bagauda, wanda da ruwansa aka gwada noman rani na zamani a Kadawa. Daga nan aka shiga babban aiki, dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, wanda aka kammala a 1974. Bango ne na ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana cikin ginin ne farin 1973 ya faɗo, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada, bayan shekara biyu kuma cuta ta kashe gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta zama labari. Duk mai shakkar amfanin dam a lokacin sai ya yi shiru. Ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin, kuma a gaskiya zanen ya yi kyau. Babu injin da ke tura ruwa. Tiga tana sama, gonaki suna ƙasa, ruwa yana gangarowa da kansa ta babbar hanya da aka shafe da siminti, ya huta a Ruwan Kanya, ya ci gaba har inda ya rabu biyu, reshen gabas da na yamma. Daga rassan yana shiga ƙananan hanyoyi, daga su zuwa ƴan ƙoramun da ke bin gefen kowace gona. Da yake ba a ban ruwa da dare, an haƙa ƴan tafkuna da ke tara na dare a sake shi da safe. A bakin gona manomi yana da lanƙwasasshen bututu. Ya nutsa shi a ruwa ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗago da sauri ya kwantar da shi a kan gaɓa ya saki, sai ruwa ya yi ta bi yana zuba a kwarin kunya. Yaro ɗan shekara goma a Kadawa yana jera guda biyar kafin baƙo ya tayar da ɗaya. Kashin farko na aikin an tsara shi a kan hekta 22,000, amma shekaru da dama abin da ruwa ke kaiwa bai wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba.

An karɓi gonakin mutane, an tumɓuke itatuwa, an baje ƙasa da katafila, sannan aka mayar wa kowa gonarsa bayan an zaftare kashi ɗaya cikin goma don hanyoyin ruwa da na mota. Wannan ya fi abin da aka yi a aikin dam na Bakolori sauƙi, inda rigimar diyya ta kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Amma ba a ce ba a yi kuka ba. Ɗorawa da kuka da tsamiya da rimi da kakanni suka bari sun tafi a yini guda, kuma kuɗin da aka biya ba ya haifar da kalwa kowace shekara. Can sama kuma, inda tafkin ya kwanta, dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da fadamunsu aka kai su tudu, suna kallon ruwan da aka kore su dominsa yana wucewa zuwa gonakin wasu. Su ba a cika tunawa da su ba in ana yabon Tiga.

Gwamnati alkama take so. Biredi ya kama bakin mutanen birane, ana kashe kuɗin waje masu yawa wajen shigo da ita, sai aka ce Kadawa za ta toshe wannan rami. A takarda lissafin ya fita. A gona kuwa sai aka ci karo da dawa. Alkama tana son sanyin hunturu, dole a shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba, in an makara zafin bazara ya riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Dawa kuwa a lokacin tana tsaye a gona ba ta gama nuna ba. Malaman gona suka ce a daina shuka dawa a filin aikin, a koma masara ko wani abu mai saurin nuna. Ga ma'aikaci wannan gyaran jadawali ne kawai. Ga magidanci kuwa an ce masa ne ya bar tuwon gidansa, da karan da zai yi danga da shi, da abincin dabbobinsa, ya dogara da kasuwa da kuma tarakta ta hukuma wadda ba ta zuwa a kan kari sai ga mai uwa a gindin murhu. Da yawa suka ƙi. An kira su masu taurin kai da rashin wayewa, kuma a ganina an zalunce su da wannan suna, domin jikokin mutanen da suka yi ciniki da Agadas ba kasuwa suke tsoro ba. Sun auna ne suka ga ribar ba ta kai kasadar ba. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 farashi ya tashi, ba wanda ya roƙe su, da kansu suka shuka ta. Da aka ɗage hanin bayan ƴan shekaru, suka rage.

Abin da suka runguma da hannu biyu shi ne tumatir, wanda masu zanen ba su ba shi babban matsayi ba. Titin Kano zuwa Zariya ya ratsa tsakiyar filin, kudu kuma tana da miliyoyin tukwanen miya. Kwanar Gafan, wadda a da mararraba ce kawai, ta zama kasuwar da daga Janairu zuwa Afrilu manyan motoci ke cika da kwanduna su nufi Legas da Fatakwal da Onica. Aka sami dillalai, da masu saƙa kwando, da masu lodi, da masu abinci. Cin rani ya juya: maimakon mutanen Kura su fita, sai ga ƴan ƙwadago suna zuwa daga Jigawa da Katsina da Nijar, suna kwana a rumfuna, suna aikin jinga.

Sai dai tumatir ba ya jira. Kowa lokaci ɗaya yake dasawa, lokaci ɗaya yake tsinka, kuma in kasuwa ta cika, kwando yakan faɗi har ya kasa biyan kuɗin ɗaukarsa. A irin wannan mako za ka ga mata da yara zaune da wuƙaƙe suna tsaga shi biyu suna shanyawa a ƙasa, fili guda ja wur, a yi kauɗa a adana sai damina ta tsaya ya yi tsada. An daɗe ana cewa maganin abin kamfani ne. Dangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, kuma a shekarar ce tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonaki cikin ƴan kwanaki. Tun daga nan masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in tumatir ya yi tsada manomi Kwanar Gafan zai kai, in ya yi arha ne yake tuna kamfani, inji kuwa yana son kaya kullum a farashi ɗaya.

Shinkafa ce ta zo ta zauna daram. A da, a nan, abincin sallah ce da na baƙo. Yanzu ita ce ta mamaye filin da damina, wasu ma har da rani, dawar da aka yi ta rigima a kanta kuma ta koma gonakin tudu ba tare da wani ya ba da umarni ba. Garin Kura ya cika da ƙananan injinan casa. A bayan katanga kuma akwai wata sana'a da mai wucewa a mota ba ya gani: mata masu turara shanshera. Mace za ta jiƙa ta ta kwana, ta turara a rabin ganga, ta aika yara su shanya a kan leda, sannan a kai inji. Da kuɗin nan ake adashi, da su ake kayan ɗakin ƴa. Kakanninsu da mazari da abawa suka yi wannan hidima, a cikin gida ɗaya, ba tare da sun taka kasuwa ba. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a 2015, da rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sun sa buhun shinkafa jamila ya yi daraja, filin noma ya yi tsada. Ma'aikata da ƴan kasuwa daga birni suka shigo haya da jingina da saye, kuma ba ƙaramin adadi ba ne na masu ƙaramar gona suka wayi gari suna ƙwadago a inda ubansu ya noma.

Gandu ma ya sassauta. Saurayin da zai iya hayar rabin eka ya yi albasa ya sayi babur ba ya zama ƙarƙashin tukunyar uba har ya yi furfura. Gayya ta ragu, domin kowa yana da aikin kuɗi a gabansa. Dambe da kokawar kaka sun rasa filinsu da lokacinsu, tunda ranar da aka yanke shinkafa ake fara gyaran fangali. Bafulatani kuma, wanda a da yake sauka a gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi ya ba da nono, yanzu ya iso ya tarar da fadama shuke, burtali ya matse. Rigingimun da ake kai wa dagatai da hakimai da yawansu daga nan suke. Ruwan da ba ya ƙafewa ya kawo sauro na shekara, ya kawo tsargiya ga yaran da ke wanka a hanyoyin ruwa.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin wannan kore daga nesa. Fadamun Haɗejiya da Nguru ambaliyar damina ce ransu: da ita ake shinkafa, da ita kifi ke hayayyafa, in ta janye a shuka wake a kuma yi kiwo. Tiga ta tare wannan ambaliya, dam ɗin Challawa da aka gama a 1992 ya ƙara, ga kuma shekarun fari. Filin da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai. Sannan ɗan ruwan da ake saki duk shekara ya sa kogin ba ya bushewa da rani kamar da, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun nuna cewa abin da fadamun ke samarwa da ruwan ya fi abin da aka samu da shi a sama. Mutumin Kura ba zai so jin wannan ba, kuma ba shi ya tsara ba, amma magana ce da ba a ture ta ba.

Shi kansa aikin ban ruwan ya tsufa. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a daminar 1988 ya yi ɓarna, abin da ya sa aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga a 1992 don kada a maimaita, ruwan da take riƙewa ya ragu. Bayan tsuke bakin aljihun gwamnati a ƙarshen shekarun 1980, hukuma ta janye daga ba da tarakta da taki, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, laka da ciyawa suka cike hanyoyi. Na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya kwana a gona yana jira, wani ya fasa gaɓa da dare. Da yawa suka haƙa rijiyar burtsatse suka sayi injin ban ruwa. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya ba da rancensa a 2014, ya yashe hanyoyi ya gyara ƙofofi, ya kuma damƙa kula da ƙananan hanyoyin ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗi su yi gyara da kansu.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin ban ruwa ga masu inji, taki ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, shinkafar waje ta shigo, farashin shanshera ya sauka alhali na taki bai sauka ba. Mutanen birni sun ji daɗi. A Karfi da Kadawa da Ɗanhassan kuwa, wasu sun rage shinkafa sun ƙara albasa da masara, wasu sun ba da gonar haya sun koma dillanci a bakin titi.